Besa a Mataccen Mako

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Har yau babu labarin takardar. 'Yan matan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tringa da suka yi alkawari da jami'o'i duk an gaya musu za su sa hannu ran sha uku ga watan gobe. 'Yata Tringa ta rubuta wa Koci Brannigan na babbar jami'a tana tambayar tata. Ya amsa: "Muna ƙaunar Tringa. A ƙara haƙuri." Ita yake rubuta wa, amma yana maganarta kamar wata ce da ke wani gari.

Na daɗe ina koyar da adabi a Shkodra ta ƙasar Albaniya kafin in zo Michigan ta Amurka in koma jera littattafai a laburare. Na san jimlar da aka gina don kada ta ce komai. Na sha ba ɗalibai sifili a kanta.

Mijina Marash ya ce mutumin yana tsakiyar kakar wasa, in bar shi ya numfasa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, hutun rana

Na buga dokokin hukumar wasannin jami'o'i a injin laburare. Na karanta su yadda nake karanta littafi mara daɗi, har ƙarshe, don in san wanda zan tsana. Abin da suke kira alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, ba yarinya ba, ba koci ba. Sai ranar da aka sa hannu. Bana kuma ana maganar rage yawan 'yan wasan da kowace ƙungiya za ta riƙe, kociyoyi suna ta zubar da yara kamar masu sauke kaya daga jirgin da ke nutsewa.

Bara Brannigan ya zo gidan nan. Ya ci burek ɗina har ya nemi ƙari. Ya ce gurbi da tallafin karatu suna jiran Tringa, shi abu ɗaya yake roƙo, a rufe wa sauran jami'o'i ƙofa. Marash ya ajiye finjalin gahawa, ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu, ya ce, "Besa." Sannan ya yi masa bayani da Turancinsa na gidan abinci: a duwatsun da aka haife shi, in mutum ya furta wannan kalmar a cikin gidansa, ko ya cika ta ko a binne shi da ita. Babu mai kwance ta sai wanda aka bai wa, ido da ido, hannu da hannu.

Brannigan ya dafe ƙirji ya ce, "Biiza!" Ya ce zai sa a rubuta ta a bangon ɗakin canza kaya.

Mijina ya ba da wuyansa, shi kuwa ya samu adon bango.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan wasa

Sun ci. Tringa ta tsare baya kamar ƙofar gidan yari, ko ƙuda bai wuce ta ba.

Colleen, uwar Maddie da ke tsaron baya tare da Tringa, ta matso kusa da ni a bakin fili, idanunta jawur. Jami'ar da ta yi wa Maddie alkawari ta janye jiya, ta waya.

"Vitore, ku fara kiran wasu tun yau," in ji ta. "Kowa na yi. Ba a ɗaukar sa laifi."

Na ce mun riga mun ba da kalma.

"Ai mu ma mun bayar. Har riga da hula muka saya. Har kare na saya wa riga."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai ta fashe da kuka a kafaɗata. Marash yana can gefe yana yi wa alƙalin wasa ihu da Albaniyanci, bai ga komai ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da rana

Wata mata ta kira ni a wurin aiki. Koci Hadley, daga ƙaramar jami'ar nan ta bakin tafki. Ta ce ta daɗe tana rubuta wa Tringa, ba amsa. Tana neman mai tsaron baya guda ɗaya, kuma Tringa take so. Ba ta yi zaƙin baki ba, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta ce za ta riƙe gurbin har yammacin ranar sa hannu, in yarinyar ta kira ta da bakinta za ta aiko takarda nan take. Bayan haka akwai wata a layi.

Na shiga tsakanin kantocin littattafan tarihi, inda ba mai zuwa, na ajiye lambarta a wayata.

Litinin, bayan cin abinci

Na gaya wa Marash.

"Ke matar nan, wa ya ba ta lambarki?"

"Kai ne abin tambaya. Wa ya ba ka makomar 'yata ka miƙa wa baƙo a kan farantin burek?"

"Mutumin bai ce ya fasa ba."

"Bai ce bai fasa ba. Je ka tambaye shi, Marash. Tafiyar rabin yini ce. Dubi idonsa ka tambaye shi."

Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a coci. Wai tambayar mutum ko zai cika alkawarinsa zagi ne. Wanda ya ci gurasarka ba a bin sa ana shinshina shi.

Na ce, "Shi ba ɗan dutse ba ne. Ma'aikaci ne mai albashi da shugaba a kansa."

"Ni ɗan dutse ne. Tawa kalmar nake tsaro, ba tasa ba."

Abin da na faɗa bayan wannan ba zan rubuta shi ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Gadon ɗakin ɗinki, inda na koma kwana, gajere ne. Ƙafafuna suna lilo a waje.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Tringa ta dawo makaranta, ta yi gudunta, ta wanke takalman ƙwallonta da tsohon buroshin haƙori, ta ci abinci tana kallon faranti. Na tambaye ta ko ta ga saƙonnin Hadley. Ta ce ta gani. Na ce to? Ta ce, "Mama, ina da jarrabawar lissafi."

Shekararta sha bakwai. Mu biyu muna jan ta kamar mayafi ɗaya a daren sanyi. Na sani. Sanin bai hana ni ja ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan coci

Pashko, wan Marash, ya zo cin abincin rana. Fiye da shekara ashirin da aurena, furfura ta fara fito mini, har yau amarya yake kira na, kamar yadda danginsu duka ke yi.

"Amarya, na ji kina karanta dokoki."

"Wani a gidan nan ya kamata ya karanta wani abu, Yaya."

"Ku 'yan birni ke nan. Komai sai takarda. Ubanmu ya sayar da gona da musafaha kawai."

"Ya kuma rasa gonar da kuɗinta."

"Amma har ya mutu ana miƙe masa in ya shigo ɗaki."

"Ana miƙe masa, yana cin wake a gidan ƙaninsa."

Marash ya buga tebur. Pashko ya yi dariya ya ce harshena da a ƙauye ne da an yi yankan ciyawa da shi. Sannan ya daina dariya, ya rage murya. Ya ce duk gidan gahawa sun san da besar nan, tun bara Marash ke ba da labarinta. In aka ji 'yarsa ta sa hannu a wani wuri alhali mutumin bai sake su ba, to babu mai sake karɓar maganar wani daga danginsu na Ivezaj, ko a aure, ko a ciniki, ko a sulhu. "Ina da 'ya'ya maza da ba su yi aure ba, amarya."

Wato Tringa ce za ta biya wa 'ya'yansa mutunci. Na zuba masa miya har ta malala a kan wandonsa. Kuskure ne, na ce.

Talata, 5 ga Nuwamba

"Muna ƙaunar Tringa." Ya sake aiko ta, ko wasali bai canza ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, hutun rana

Colleen ta ce ana raɗe-raɗin Brannigan yana jiran wata babbar yarinya ce, mai tsaron baya, da ke son barin jami'arta ta koma wurinsa. In ta zo, ba ya buƙatar Tringa. In ba ta zo ba, yana buƙatarta. Shi ya sa ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Ya ajiye 'yata a firiji kamar ragowar abinci, ko a ci ko a zubar.

Duk littattafan da na karanta na matan da aka kulle, a hasumiya, a ɗakin sama, a gidan miji, ko yaushe akwai ƙofa da makulli da wani azzalumi riƙe da shi. A nan ƙofa a buɗe take. Doka da kanta ta ce mu fita. Mu ne muka zauna.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Marash ya sauko, amma a makare.

Ya same ni a kicin ina yankan albasa. Ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Vitore." Rabon da ya kira sunana har na manta. Ya ce ya yi tunani, ba zai tambayi mutumin ko zai cika ba, amma zai iya zuwa ya gaishe shi, ya zauna a gabansa, ya ba shi damar magana. In akwai abin da ke damunsa zai faɗa, in ya faɗa an kwance.

Na ce gobe. Ya ce gobe.

Tringa ta duba jadawali. Ƙungiyar Brannigan tana wata jiha wurin gasa, sai daren Lahadi za su dawo. Na ce to Litinin. Sai yarinyar ta ce, a hankali, "Litinin mataccen mako ya fara."

Na san da shi, na karanta. Daga Litinin zuwa Alhamis na makon sa hannu, koci ba ya haɗuwa da ɗaliba ko iyayenta ido da ido, ko a jami'a ko a wajenta. Waya da saƙo kawai. An yi dokar ne don kada a matsa wa yara. Hadley tana jira zuwa Laraba. Idon Brannigan ba zai halatta ba sai Juma'a.

Marash ya ce, "To Juma'a."

Na ce ya kira shi ta waya ya nemi saki.

"Abin da aka ɗaure da hannu ba a kwance shi da waya."

Albasar ce, na ce wa Tringa.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Mataccen mako. Wanda ya raɗa masa suna ya taɓa zama a gidan nan.

Talata, 12 ga Nuwamba, da magariba

Na je. Na ce wa laburare ba ni da lafiya, na ɗauki mota na yi kudu ni kaɗai. Tunanina shi ne in na samu kalma ɗaya daga bakin Brannigan a gaban idona, zan kawo wa Marash ita, in ce ga ido, ga kunne, ni matarka ce, ka karɓa.

Na same shi a barandar ginin wasanni da kofi a hannu. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannuwa kamar na nuna masa bindiga.

"Barka da rana, Misis Ivezaj. Iyakar abin da zan iya ke nan. Gaisuwa kawai, doka ce."

"To kada ka yi magana. Akwai gurbi ko babu? Gyaɗa kai, ko girgiza."

Ban taɓa ganin wuyan mutum ya sandare haka ba. Ya riƙe kansa cak kamar mai ɗauke da tulu cike. Ya ja da baya, ya ja da baya, ya shige banɗakin maza.

Na tsaya a ƙofar. Ni, da na koyar da waƙoƙin jarumai, ina gadin banɗaki. Can sai ga wata mata mai kula da bin dokoki, da murmushi da katin aiki a wuya. Ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai, amma in na ci gaba da tsayuwa dole ta rubuta rahoto, kuma rahoton zai iya shafar Tringa. Ta raka ni har mota. Ta ba ni ruwan gora.

Ban fita daga harabar ba wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ta waya halal ne, ka ji.

"Mu zauna ran Juma'a, dukanmu, mu yi magana sosai."

"Faɗa yanzu. Kalma ɗaya ce."

"Akwai abubuwan da ba su kammala ba. Kin san muna ƙau..."

Na kashe.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da safe

Na kira Hadley. Ta ce tunda Tringa ba ta kai sha takwas ba, ana buƙatar hannun uwa ko uba. Ɗaya ya isa.

Ɗaya ya isa. Na maimaita shi ina wanke finjalai. Na san abin da zai biyo baya. Na san ba ɗakin ɗinki ba ne kawai. Na auna, na ga zan iya.

Laraba, da yamma

Na ɗauko Tringa daga makaranta. Ban nufi gida ba, na tsaya a bayan wani kanti, na kashe mota, na miƙa mata waya da lambar Hadley a kai.

"Kira ta. Ni zan sa hannu. Babanki ba shi da laifi, ke ba ki da laifi, ni ce na karya. Su ce 'yar birni ce, dama sun saba faɗa."

Ta dubi wayar, ba ta taɓa ta ba.

"Mama, bara a kicin, ran da aka yi besar, ke Baba kike kallo. Da ya saki hannun mutumin, ni ma na miƙa nawa. Ni ma na faɗa."

"Ke yarinya ce a lokacin! Kwaikwayo kika yi."

"Ba wanda ya sa ni."

"Tringa, ba zai cika ba."

"Na sani. Tun Oktoba na sani."

"To me kike jira?"

"In na kira yau, ni ce na karya. In na jira Juma'a, shi ne."

"Kuma me za ki yi da wannan? Za ki buga ƙwallo da shi? Zai biya miki karatu?"

"Ban sani ba." Ta ɗaga haɓarta, haɓar ubanta sak. "Tada motar, Mama. Zan makara atisaye."

Makonni ina yaƙi da Marash a kan ya saki 'yata. Ashe ba shi ke riƙe da ita ba.

Na yi mata ihu. Na roƙe ta. Na ce abubuwa a kan duwatsu da mutanen duwatsu. Ta bar ni na gama, sannan ta ɗaura bel.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Colleen ta aiko hoto. Maddie da alƙalami a hannu, sanye da rigar jami'ar bakin tafki. Tringa ta je taya ta murna, ta kai mata furanni.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da yamma

Marash ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita.

Brannigan ya tarbe mu da fara'a, yau idonsa ya halatta. Ya yi dogon bayani, sabbin ƙa'idoji, yawan 'yan wasa, ba daga shi ba ne, daga sama ne, zuciyarsa ta karye. Duk maganar Marash yake kallo.

Marash ya ce, "Ita za ka faɗa wa. Gajere."

Mutumin ya juya. "Tringa, babu gurbi."

Ta ce, "Na ji."

Marash ya miƙe, ya miƙa hannu. Brannigan ya kama da sauri, yana murna an rabu lafiya, yana cewa yana fatan ba a riƙe shi a zuci ba. Marash bai saki hannun da wuri ba. Ya ce da harshenmu, "Na karɓi kalmata." Tringa ma ta miƙa nata, ta faɗi haka.

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna rediyo.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Pashko ya kira, yana ta zumuɗi. Wai da Marash ya shiga gidan gahawa kowa ya miƙe tsaye, har tsofaffi. "Kin gani, amarya?" Na ce na gani, ya gaishe da wandonsa.

Marash kuwa bai ambaci zancen ba. Ya dawo da wuri, ya zauna a mota a ƙofar gida har shayin da na zuba ya huce.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan cin abinci

Tringa ta fara kiran ƙananan jami'o'i da kanta, waɗanda suka rage. A teburin kicin take yi, a gabanmu. Marash yana ɓare lemo, ni ina goge faranti.

Wani koci ya ɗauka. Ya san ta, ya taɓa ganin wasanta. Muryarsa tana fitowa da zafi-zafi, yana so, yana so ƙwarai. Ban ji abin da ya ce daga ƙarshe ba, amsarta kawai na ji.

"A'a, Koci, kada ka ba ni kalmarka. Ni ma ba zan ba ka tawa ba. Aiko takarda, in na karanta sai mu yi magana."

Wuƙar Marash ta tsaya a cikin ɓawon lemon. Wata guda ina jiran ranar da za a faɗi maganata a kicin ɗin nan. Ban ji daɗin da na zata ba.

Da ta ajiye wayar ya ce, a hankali, "'Yata, namu ba sa magana haka."

"Na cika tawa, Baba," in ji ta. "Guda ɗaya ce da ni, ta ƙare."

Ta danna lamba ta gaba.